Kaskon Birnin Tsingaro

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye yumɓu a ƙarƙashinta, ya tsirar da itace ya ɓoye wuta a cikinsa, ya halicci bayi ya hana ƙafar waɗansunsu zama wuri ɗaya. Ni ne Korau, autan Tasalla maginiyar tukwane, mutumin Gangaren Yumɓu. Na bar gida haɓata sumul, na dawo da gemu da tabon wuta a hannu biyu. Ku gyara zama ku ji abin da ƙafa ta taka, da abin da ido ya gani.

Ranar da na dawo sai da na tambayi hanyar gidanmu. Durumin ƙofar gari ya faɗi, an sassaƙa turame da shi. Kasuwa ta tashi daga gabas ta koma bakin rafi. Karnukan unguwarmu da na sani duk sun mutu, jikokinsu ne suka tare ni da haushi. Yayata Kyauta, wadda na bari da goyo, na tarar goyon ta isa ɗaukar tulu. Ramin da muke gasa tukwane a bayan gida kuwa, kabewa ce ta yaɗu a ciki har ta yi 'ya'ya. Duk waɗannan ban damu da su ba. Abin da ya tsayar da ni a tsakar gida shi ne Inna, tana zaune a jikin bango, na yi sallama, ta juyo da kunnenta maimakon fuskarta.

"Inna, ni ne."

"Na sani. Wa ke jan ƙafar hagu in ba kai ba? Matso." Ta shafa fuskata, hannunta ya tsaya a gemu. "Kyauta, zo ki ga wani tsoho ya shigo mana gida."

"Na gan shi, Inna," in ji Yaya Kyauta daga madafi. "Ɗan aikenki ne. Ya yi sauri ma."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, ka samo?"

"Na samo."

"To ka makara. Yanar ido ta rufe. Abin da ya rage mini, in bambance rana da inuwa."

Domin ku gane nauyin wannan magana, sai na mayar da ku baya. Wata shekara wani fatake ya sauka a garinmu, ya ba Inna ɗan tsingaro, wato guntun fasasshen kasko, ko rabin tafin hannu bai kai ba. Yumɓu ne, amma an sa masa wata riga mai sheƙi. Ka juya shi nan ya yi kore, ka juya can ya yi ja, kamar wuyan tantabara a hantsi. Inna ta yini tana juya shi kusa da idonta, don tun lokacin yanar ido ta fara taruwa a gefe. Da yamma ta ce, ita dai da za ta ga wannan launi a jikin tukunyar da hannunta ya gina kafin idon ya tafi, da ba ta da sauran buri. Ni kuwa dama ƙafata tana neman dalili. Washegari na ɗaure kaya. Ta cusa mini wata 'yar jaka ta garin makuba, ɓawon ɗorawar nan da muke jiƙawa mu yayyafa wa tukunya da zafinta don ta yi duhu ta yi ƙwari. Na ce me zan yi da shi a hanya? Ta ce magini ba ya tafiya babu shi, in rufe mata baki.

Na bi bayan fatake, na bi bayan labari. Na ratsa ƙasar da mutanenta ke noma a kan rufin ɗaki don ƙasa tana tafiya da damina. Na isa Kogin Toka, wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa, toka ce mai ɗumi take gudu kamar ambaliya, kuma ba a haye shi sai a cikin manyan randuna. Mai fito ya jera su ya ce kowa ya zaɓi tasa, wadda ta fashe da kai a tsakiya ba ruwansa. Matafiya suka yi ta zaɓen masu kyan zane. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa kamar yadda Inna take yi a bakin rami, har na sami wata mummuna mai karkataccen baki wadda ta amsa da ƙara mai tsawo. Ita na shiga. Waɗanda suka ga haka suka fito daga nasu suka ce in ƙwanƙwasa musu, na yini ina sana'a a bakin kogi, aka biya ni da dabino.

A hayin can na haɗu da ayarin wani madugu, Nomau, mai kai ƙaiƙayi Birnin Tsingaro. Raƙuma jere, kowanne da manyan buhuna, kuma ba komai a ciki sai ƙaiƙayin gero.

Na ce, "Madugu, abin da awakinmu ke tattakawa shi kake wahalar da raƙuma a kai?"

Ya ce, "Samari, in mun isa ka sake faɗin haka a gaban mutane, in ga wanda zai raba ka da su."

Na nuna masa tsingaron Inna. Ya dube shi ya ce daga can yake, in biyo shi.

Birnin Tsingaro yana tsakiyar Farin Fili, filin gishiri ne da ido ba ya ganin ƙarshensa. Sama ɓawo ne fari, ƙasa taɓo ne marar gindi. Inda ɓawon ya tsattsage ya sake haɗewa, nan ne kawai yake ɗaukar ƙafa, amma ƙurar gishiri ta rufe komai, ba ka ganin layin. Kuma kowace fitowar rana filin yakan sake tsagewa sabuwa. A bakin filin akwai ɗan tanderu na mutanen birni. Da safe suka miƙa wa Nomau wani farin kasko mai baƙaƙen layuka kamar saƙar gizo-gizo. Ya riƙe shi a tafin hannu, yana duban layi mafi kauri, yana karkata dama in ya karkata, hagu in ya karkata, raƙuma na bin sawunsa. Na ɗauka wani gwani ne ya zana masa hanya da tawada. Kafin rana ta faɗi muka ga ganuwa tana walƙiya, an gina ta da fasassun kasake, kore da ja da fari, har sai da na kare idona da hannu.

Mai mulkin wuta a birnin mace ce, Hakama, ana ce mata Magajiyar Tanderu. Doguwa, girarta duk wuta ta lashe. Na durƙusa na ce ni magini ne ɗan maginiya, na zo koyo. Ta dubi hannuna, ta ce in fara da wanki.

Washegari da hantsi aka miƙo mini wani kasko baƙi ƙirin da hayaƙi, da ɗuminsa, aka ce in goge shi da yashi. Na goge, fari ya fito, layuka suka fito. Na sa farce a kan layi ɗaya, farcen ya maƙale. Ashe ba tawada ba ce, tsaga ce, tun daga baki har gindi. To mu a Gangaren Yumɓu, dokar Inna ita ce, tukunyar da ta tsage a fasa ta nan take a bakin rami, kada a manta a sayar wa wani. Hannuna bai ma yi shawara da ni ba. Na ɗaga kaskon na maka shi da dutse.

Mutane suka taru. Nomau, wanda ya riga ya ɗaure wa raƙumansa kaya, ya zo ya tsaya a kaina.

"Samari, hanyata ce ka fasa."

"Madugu, ai ya tsage."

"Ya tsage," ya maimaita, ya juya ga mutane. "Kun ji, wai ya tsage. Gobe kuma zai zubar da tuwo don ya dahu."

Nan aka fahimtar da ni. A cikin rigar kaskon ana sa ɗan gishirin da aka kankaro daga filin a safiyar, saboda haka yadda filin ya tsage a ranar, haka rigar take tsagewa. Hayaƙin ƙaiƙayi ne ke shiga tsagar ya baƙanta ta har a gani. Ayari ya kwana dole. Hakama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tunda hannuna yana son fasa abu, daga yau ni zan riƙa niƙa mata ƙarau.

Na yi murna a ɓoye, domin dutsen niƙan yana gefen inda take haɗi. A can na ga komai. Ƙarau, irin na awarwaron mata, a niƙa shi sai ya yi laushin garin tuwo, shi ne jikin rigar. Kanwa, don ya narke da wuri tun wuta ba ta yi nisa ba. Farar ƙasa kaɗan, don ya kama jikin kasko kada ya zube gindi. In ana son launi, sai a kankaro koren da ke fitowa a jikin tsohuwar tagulla a zuba ɗan mitsitsi. A dama da ruwa. Hakama takan tsoma yatsa ta ɗaga, in ya rufe fata amma ana ganin zanen gaɓa, ya yi. Kaskon kansa da yumɓu mai tsakuwa ake gina shi, a cuɗa da dakakken tsingaro, don ya jure fita daga wuta zuwa iska. A gasa shi sau ɗaya tsirara, a tsoma shi a haɗin, a shanya a kan tanderu sai ya bushe ƙarau, don in da sauran laima a jikinsa bindiga zai yi.

Tanderunsu ƙanana ne, ba su wuce ƙugu ba, kuma wani baƙin dutse suke ci wanda ba ya hayaƙi. Akwai 'yar kafa da ake leƙawa. Da farko rigar takan yi ƙuraje, ta tafasa kamar kunu a tukunya, sannan ta kwanta, ta yi sheƙi kamar an jiƙa ta. A lokacin ake ɗage murfi. Zafi ya doke ka a fuska, ka sa dogon awartaki ka kamo kaskon yana ja jawur, kana ganin haske ta cikinsa, ka fito da shi sarari.

Sannan kowa ya yi shiru, domin aikin ya koma hannun masu kunne.

Masu kunne tsofaffin magina ne da idonsu ya tafi. A Birnin Tsingaro babu wanda ake girmamawa kamarsu, su ake fara zuba wa abinci. Namu sunansa Baba Zangina, ɗan ƙaramin tsoho mai son tsokana. In kasko ya sha iska, rigarsa takan fara tsagewa da 'yar ƙara, ƙil, ƙil, kamar ana taɓa ƙaramar ƙararrawa. Shi yake saurare. In aka rufe da wuri, tsagar ba ta gama fita ba. In aka makara, kasko ya huce, hayaƙi ba zai shiga ba, koren tagulla kuma ba zai juye ja ba. Idan ya ji abin da yake jira sai ya ce, "Rufe." A jefa kaskon a ramin ƙaiƙayi, wuta ta tashi bal, a kife da katangar fasasshiyar randa, hayaƙi ya yi aikinsa a ciki.

Ranar da na fara cirowa da hannuna, na wanke, na ga wuyan tantabara a tafina, sai da na zagaya tanderu da gudu. Baba Zangina ya ce, "Wa ya saki ɗan maraƙi?" Na ce, "Baba, da ka ga wannan." Ya ce, "Na ji shi tun kafin ka gan shi, Mai-fasa."

Na shagala. Ina neman kore mai duhu, ina neman ja mai ruwan zuma, damina tana wucewa a wani wuri ban sani ba, don a Farin Fili ba a ruwa. Wata rana muna cin abinci na tambayi Baba Zangina yadda idonsa ya tafi. Ya ce, "A hankali. Ya fara kamar hayaƙi a gefe. Ka ce gobe zai washe. Kana cewa gobe, ya haɗe a tsakiya." Lomar da ke hannuna ta koma akushi. Na tashi na tafi wurin Hakama.

"Ranki ya daɗe, a ba ni ƙaiƙayin kasko ɗaya. Zan koma gida."

"Ka san haɗi?"

"Na sani, albarkacinki."

"To wanda ya san haɗi ba a ba shi hayaƙi. Haka muka tarar. Kana tsammani don me na sa ka a dutsen niƙa? Hannunka na gani tun ranar farko." Ta ci gaba da dama haɗinta. "Ga ɗaki, ga abinci. Ka ga wadda ta yi maka, mu je tambaya."

Na gaya mata labarin Inna. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, amma rumbun ƙaiƙayi ba ya buɗuwa don tausayi. Ayari kuma ba ya ɗaukar wanda ba ta sallama ba.

Babu wanda ya hana ni tanderu, babu wanda ya tsare ƙofar gari. Me za su tsare? Farin kasko marar hayaƙi, tsagarsa tana nan amma ido ba ya ganinta, kamar filin kansa. Na gwada da tsohuwar rigata, ta cinye kafin in kife. Na aske gemuna na gwada, ban samu komai ba sai wari da dariyar Baba Zangina, wanda ya ce saura in gwada da wandon. Ina zazzage jakata ko zan sami wani tsumma, sai 'yar jakar Inna ta faɗo. Na daɗe ina kallonta. Na jiƙa garin a ƙwarya har ruwan ya yi ja ya koma baƙi-baƙi.

Da fitowar rana na kankaro gishiri a bakin ƙofa, na yi haɗi, na tsoma kaskon da na riga na gasa, na shanya, na hura wuta. Na je na durƙusa gaban Baba Zangina.

"Baba, kunnenka nake roƙo."

"Ba ka da ƙaiƙayi."

"Ba ni da shi."

"To ba a hana ni sauraren kaskon da ba shi da ƙaiƙayi ba. Ja ni mu je."

Rigar ta tafasa, ta kwanta, ta yi sheƙi. Na ɗage murfi, na kamo, na fito da shi. Ƙil. Ƙil, ƙil. Tsintsiyar yayyafi tana cikin ƙwaryar makuba. Na ce, "Baba?" Ya ce, "Yi mini shiru." Ƙarar ta yawaita kamar yayyafi a kan kwano, sannan ta fara jinkiri. Ya ce, "Yanzu. Ko me za ka yi, yi."

Na tsamo tsintsiya na watsa. Kaskon ya yi tsuwa, tururi ya tashi, ƙanshin bayan gidanmu ya cika wurin. Na ƙara, na ƙara. Na jira in ji ya fashe, bai fashe ba. Na goge da yashi, sai ga layuka, ba baƙaƙe ba, ja-ja kamar lalle, amma kowanne a fili, mai kaurin kuma ya ratsa daga baki zuwa baki.

Baba Zangina yana ta shaƙar iska. "Mene ne wannan?"

"Makuba. Ɓawon ɗorawa. Innata ce ta ba ni."

"Buhu nawa ake buƙata ga kasko?"

"Tafi ɗaya ya isa kasake da yawa."

Ya yi dariya har da tari. "Raƙuma nawa muka kashe a kan ƙaiƙayi. Tafi, Mai-fasa. Ka gaishe ta. Ka ce akwai wani tsoho da ke son jin muryar wadda ta san wannan."

Na ɗauki jakar da na cika da garin ƙarau da koren tagulla, ladan niƙana, na fita. Na sa ƙafa a kan farin ɓawo inda kasko ya ce, ya ɗauke ni. Na sa ta biyu. Na yi nisa kaɗan sai na ji murya daga kan ganuwa. Hakama ce, riƙe da ƙwaryata, tana shinshinawa.

"Kai Mai-fasa. Dawo mu yi magana."

"Ranki ya daɗe, rana tana tafiya."

"To in za ka dawo, ka zo da wannan abin. Da yawa. Na buɗe maka rumbu."

Ban tsaya ba. Na bi layi, dama, hagu, wani wuri ya mayar da ni baya kamar zai koma da ni birni, na danne zuciyata na bi shi. Gishiri yana cin tabon hannuna. Da rana ta karkata na hango jar ƙasa da itatuwa, har na fara sauri. Sai kaskon ya yi ƙara a tafina, ƙil. Na duba, wata sabuwar tsaga ta ratsa layina. Ashe filin bai jira fitowar rana ba, kafin in ɗaga kai ya amsa da ƙara kamar aradu, ɓawon da ke gabana ya buɗe, baƙin taɓo ya bulbulo. Na dubi sabuwar tsagar, makuba ba ta shige ta ba, amma farcena ya same ta. Na rufe ido, na bi ta da farce, ƙafa tana bin farce, har na ji ciyawa ta soki tafin ƙafata. Na kwanta a kanta ina dariya ni kaɗai.

Sauran hanyar doguwa ce, Kogin Toka ya ƙaura sai da na neme shi, amma ba ita na zo ba ku ba. Mu koma tsakar gida, inda Inna ta ce na makara.

Na ba ta labarin nan duka, kamar yadda na ba ku. Ba ta katse ni ba sai a wurin masu kunne, ta sa na maimaita. Da na gama na ce, "Inna, ki gina mini kasko."

"Rabona da yumɓu tun da na fara zuba ruwa a gefen randa."

"Hannun ai bai makance ba."

"Ji shi," in ji Yaya Kyauta. "Jiya ya zo, yau yana ba da aiki."

Amma ita ta je ta haƙo yumɓun, ita ta daka tsingaro. Inna ta sa hannu, ta yi tsaki ta ce tsakuwa ta yi yawa, wannan ai yumɓun ragwaye ne, amma kafin ta gama mita kasko ya tashi a tsakanin tafukanta, bakinsa daidai kamar an auna. Muka cire kabewa daga rami, muka gasa shi. Na fasa gindin wata tsohuwar randa na yi tanderu, na aro zugazugi da awartaki a maƙera, na sayi gawayi. Ƙaiƙayi kuwa, Yaya Kyauta ta kori awaki ta ɗebo mini kwando, na tsaya ina kallonsa har ta tambaye ni ko ci zan yi.

Na kafa tanderun a bakin zaure, na zaunar da Inna a ciki inda inuwa ta fi duhu. Rabin unguwa ya taru. Na yi haɗi da koren tagulla, na tsoma, na shanya, na zuga. Ya yi ƙuraje, ya tafasa, ya kwanta. Na ɗage murfi, na kamo shi, na shiga da shi zauren, na tsayar da shi a gabanta.

Ta ɗago kai. Idanun nan farare suka tsaya a wuri ɗaya, karo na farko tun da na dawo.

"Auta, na ga ja. Zagaye. Nawa ne?"

"Naki ne, Inna."

"Bakin ya ɗan karkata ta hagu."

Ƙil. Ta ɗaga hannu, mutane suka yi shiru. Ƙil, ƙil. Na buɗe baki zan gaya mata abin da ake jira, ta ce, "Rufe mini baki, ina ji." Ƙarar ta yawaita. Ni da na yi shekaru a gefen Baba Zangina, ban san lokacin ba. Ita ta karkata kai kamar mai sauraren jariri a ɗaki, ta ce, "Kai shi."

Na jefa a ƙaiƙayi, wuta ta tashi, na kife. Da ya huce na goge shi da yashi na sa mata a cinya. Ta bi shi da yatsu, kowace tsaga, tun daga baki har gindi.

"Kyauta, faɗa mini. Kada ki yi mini ƙarya don in ji daɗi."

Yaya Kyauta ta sunkuya ta duba shi a haske. Sannan ta ce, "Inna, shi ne. Irin na fataken nan. Har ya fi."

Inna ta gyaɗa kai. Ta ce, "A dokata da fasa shi za a yi." Ta ƙara rungume shi.

Na yi niyyar zama, Allah ya sani. Na gyara ɗakina, na yi wa danga faci. Amma garin ƙarau yana ƙarewa, kuma na fara tsintar kaina a bakin gari ina kallon hanya. Wata safiya na dawo na tarar da buhuna jingine a zaure, da jakai biyu a ɗaure, Yaya Kyauta tana ɗinke bakin buhu na ƙarshe tana harara ta. Na shinshina, makuba ce. Duk ɗorawar da ke Gangaren Yumɓu an bi ta.

"Yaya, wa ya ce zan tafi?"

"Ƙafarka. Tun shekaranjiya take faɗa. Kuma jakai biyu ne, in ka iya ƙirga."

Inna ta fito daga ɗaki da mayafinta na tafiya, da sanda, kaskon a ɗaure cikin zane a ƙugunta.

"Inna, hanyar akwai Kogin Toka."

"Wa ya koya maka ƙwanƙwasa randa?"

"Akwai Farin Fili."

"Ka ce da farce ka ƙarasa shi, ido a rufe. To ni kullum a rufe yake. A nan zama nake a jikin bango ana kawar da ni daga rana. A can ka ce mu ake fara zuba wa abinci. Kuma akwai tsohon da ya aiko gaisuwa, ba a barin gaisuwa babu amsa." Ta miƙo hannu tana laluben jaki. "Ni ce a gaba. In na bar ka kai kaɗai, sai jikar Kyauta ta yi aure kafin ka dawo."

Na durƙusa na haɗa hannuwa ta taka ta hau. Yaya Kyauta ta cusa mini ƙullin dakuwa ba tare da ta dube ni ba, ta ce wa Inna ta riƙe linzami da kyau, ni kuma in na dawo babu ita kada ma in tambayi hanyar gida. Na ɗaure awartaki a gefen buhu, na ja igiyar na gwada, sannan na koma ciki neman takalmana.